Kwanon Giɓin Katanga

Larai na tsaye bisa turmin da ta kife a gindin katanga, ta miƙa kwanon ke nan ta giɓin da ruwan damina ya zaftare tun shekarun baya, sai ta ga hannun da ya taho karɓa ba na Tabita ba ne. Hannu ne kakkaura, na Saratu, shugabar matan majami'ar su Tabita.

"Kawo, Larai, in karɓar mata."

Larai ta janye kwanon da sauri har murfin ya yi ƙara. "Af! Kin ga tsufa, ban zuba yaji ba. Ina uwar gidan take?"

"Tana kwance. Tun jiya ba ta iya tashi, mu ne a kanta da addu'a."

Larai ta sauko daga turmin. Ta shige ɗaki ta buɗe kwanon. Babu abinci a ciki, salularta ce naɗe a tsumma, kuma har yanzu layin a buɗe yake. Can garin Takieta, Godiya, 'yar Tabita, na riƙe da tata a kunne tana jiran muryar uwarta.

Shekara ashirin da biyu ke nan katanga ɗaya ta raba gidan Larai da na Mushe Ishaya a unguwar Garin Malam ta Damagaram. Tsohon malamin lakwal ne, wato makarantar boko, shi ya sa ake ce masa Mushe, Malam ke nan a bakin masu Faransanci, dogo, mai tsabta, wanda bai taɓa wuce mutum bai gaishe shi ba, bai kuma taɓa zama a dandalin kowa ba. Shi da wasu gidaje goma sha ɗaya suka ware daga babbar majami'a, wai can an sassauta, suka kama wani shago a bayan unguwa suna taruwa. A gidansa ba rediyo, ba lalle, ba 'yan kunne. Naman layya in an aika ba ya tsallake zaure. Ba a zuwa likita, sai addu'a da azumi da shafa man zaitun. Larai, wadda ba ta iya riƙe magana a ciki, ta sha cewa ko kazar gidan nan sai ta nemi izini kafin ta yi ƙwai.

Amma Tabita, matarsa, ita ce ta kwana uku a gefen Larai lokacin da mijinta ya rasu. Ita ce kuma in Larai ta matse man gyaɗa take fara shigowa taya ta murza ƙuli.

Da Godiya, 'yarsu ta fari kuma tilo, ta auri Mansur direba ta bi addininsa, Mushe bai ɗaga murya ba. Ya ɗauko Littafi Mai Tsarki, ya buɗe shafin farko inda ya rubuta sunayen iyalinsa, ya ɗora rula, ya ja layi a miƙe a kan sunanta. Tun daga ranar ba a sake faɗin sunan a gidan ba. Uwar dama ba ta faɗinsa don kunyar 'yar fari, sai dai ta ce "yarinyar nan". Larai ce ta ƙirƙiro dabarar kwano: duk ranar Alhamis da hantsi ta kira Takieta, ta naɗe salula, ta rufe, ta miƙa ta giɓi kamar mai kai ɗanɗano. Tabita ta shige ɗakin girki ta yi raɗarta, ta mayar da kwanon da 'yar kuka ko daddawa a ciki, don ba ta taɓa mayar da kwanon mutum wayam ba. Shekara bakwai ana haka.

Larai ta ce wa Godiya ta jira, ta zuba kunun tsamiya a kwanon, ta zagaya ta ƙofa.

Ɗakin ya ɗauki zafin bazara. Mata uku na zaune a tabarma suna rera waƙa ƙasa-ƙasa. Mushe da kansa ke zaune a bakin gado yana yi wa matarsa fifita, leɓensa ya bushe don azumi. Ƙafafun Tabita sun kumbura sun yi suntum, numfashinta na fita da ƙyar.

"Sannu, maƙwabciya. Ya jikin?"

"Da sauƙi, Larai." Idon Tabita ya sauka kan kwanon, ya daɗe a can. Da ta ga tururin kunu na fita ta gefen murfin, sai ta juya fuska bango.

A tsakar gida Larai ta tare mai gidan. "Mushe, don Allah a kai baiwar Allah nan likita. Ruwa ne a jikinta, ko makaho ya taɓa ya sani."

"Mun gode da kunu, Larai. Likitanmu yana ganinta."

Ta koma gida ranta a ɓace, ta sake kiran Takieta.

"Inna Larai, gobe Mansur na da lodi zuwa Damagaram. In biyo shi?"

"A'a, kar ki zo gobe. Matan nan sun kafa sansani a ɗakin. In babanki ya ji ƙishin-ƙishin kina gari, ko ranar Lahadi sai ya sa wa ƙofa kwaɗo. Ki bari sai Lahadin. Ƙarfe takwas suke fita, ba sa dawowa sai rana ta take tsaka. Ko gobara ake a gidan ba ya fashi. Lahadin da ta wuce ma ita kaɗai suka bari, ni na shiga na ba ta ruwa."

"Inna, za ta kai?"

"Za ta kai, in Allah ya yarda. Awa huɗu cur za ki yi da ita, ke da 'yar taki. Ki bar min wannan, na san mutanen nan kamar tafin hannuna."

Juma'a da Asabar Larai ba ta ko kusanci giɓin ba, don kada a zargi wani abu. Ta ji daɗin wayonta ƙwarai.

Ranar Lahadi, bakwai da rabi ba ta cika ba ɗan kabu-kabu ya sauke Godiya daga tasha. Ta shigo da hijabi har ƙasa, da 'yarta 'yar wata takwas a goye, wadda kakarta ba ta taɓa gani ba sai dai kukanta ta cikin kwano. Suka zauna a inuwar katanga suna sauraron ƙarar keken Mushe, wanda duk unguwa ke saita agogo da shi.

Takwas ta yi, keke bai fita ba. Sai ƙarar amalanke ya tsaya a ƙofar gidan, aka fara sauke bencina. Muryoyin maza da na mata suka cika tsakar gidan Mushe, ana jan benci, ana gaisawa a hankali.

Godiya ta dubi Larai. "Sun kawo sujada gida. Haka suke yi in jikin mutum ya yi nisa."

Larai ta tashi tsaye. Shekara ashirin da biyu tana leƙen mutanen nan, amma ba wanda ya taɓa kwanciya irin wannan a gidan, ina za ta sani? Ta yafa mayafi ta fita ba ko takalmi.

Ta same shi a zaure cikin farar rigarsa, Littafin a hammata, dattawa biyu na tsaye a bayansa. Larai, da ko gaban mai unguwa ba ta durƙusawa, ta kai gwiwa ƙasa.

"Mushe, na roƙe ka don Allahn da kake bauta wa. Tana gidana, da jikarka a bayanta. Minti biyar kawai, ta ga uwarta."

Ɗaya daga dattawan ya yi gyaran murya.

"Ƙofa a buɗe take," in ji Mushe. "Ta cire wancan lulluɓin, ta shigo ta durƙusa gaban jama'ar Ubangiji ta tuba. Ni da kaina zan kama hannunta in kai ta bakin gado."

"In kuma ba ta iya ba?"

"To ban san wadda kike magana a kai ba. Tashi, Larai, ƙasa da zafi."

Da ta kai saƙon, Godiya ta kama bakin hijabinta ta riƙe, ta daɗe tana murza shi a yatsunta.

"In na durƙusa na faɗa, ƙarya zan yi a gaban Mama," in ji ta. "In kuma ba ƙarya ba ce, ina zan kai 'yar nan da ubanta?"

Ta kwance goyon ta rungume, ta ja jiki ta jingina da bangon da ke haɗe da ɗakin uwarta. Aka fara waƙa a can, mai jan rai, a hankali. Larai ta lura leɓen Godiya na bin kowace kalma, ba ta ɓata ko ɗaya ba. Aka yi karatu, aka yi addu'a mai tsawo, aka sake waƙa. Inuwa ta yi ta janyewa har rana ta taɓa ƙafafunsu, ba wadda ta matsa.

Wajen sha ɗaya waƙar ta yanke a tsakiya. Shiru ya ratsa gidan, har ana jin mai ga-ruwa na buga jarkokinsa a bakin titi. Sai muryar Mushe ta faɗi wani abu gajere. Nan take aka ɓarke da tafi, aka ɗauko wata waƙa mai sauri, mai daɗi, irin wadda ƙafa ke bi da kanta.

Larai ta miƙe zumbur. "Alhamdu lillahi! Kin ji? Ta farfaɗo! Wallahi addu'arsu ta ci, Allah na tuba da bakina!"

Godiya ba ta motsa ba.

"Inna, zauna. Ba a yin wannan waƙar sai an rufe wa mutum ido. Ita aka yi wa kakata a garin Dogo. A wurinsu ba a kuka, wai mutum ya isa gida."

Ta faɗi haka da murya daidai, kamar mai ba da labarin wasu. Sannan ta kifa goshinta a bangon, kukan ya ƙwace mata, irin wanda ba a iya tarewa. 'Yar ma ta tsorata ta kama. Kukan ya haye katanga, babu ko shakka. Larai ta ji Saratu ta ƙara ɗaga murya, tafin ya ƙara ƙarfi. Ta kasa kunne tana neman muryar Mushe, wadda kullum ita ke jan sauran, ba ta ji ta ba.

Da la'asar aka fito da akwatin aka ɗora a bayan wata mota. Godiya ta kalla ta tsagar ƙyauren zauren Larai har motar ta sha kwana. Mazan unguwa, su Ɗan Azumi mai shayi, suka miƙe tsaye da ta zo wucewa. Larai kuwa baƙin ciki ya ishe ta. Ita ta ce a bari sai Lahadi. Godiya ba ta tuna mata ba, kuma wannan ya fi mata ciwo.

Washegari da safe tana shara, Godiya na zaune a tabarma tana jiran Mansur ya zo ya ɗauke ta, sai ta ji ƙarar murfi a giɓin katanga. Kwanon kunun ne, an wanke shi tas. Hannun da ya ajiye shi siriri ne, mai jijiyoyi.

"Kwanonki, Larai."

Ta hau turmin. Mushe na tsaye a ɗaya gefen, rigar jiya ce a jikinsa, idonsa na ƙasa.

"Ya haƙuri, Mushe? Allah ya ba da dangana."

"Mun gode." Ya ɗan tsaya. "Shekara bakwai ina jin kwanon nan yana magana a ɗakin girkina. Ni ba kurma ba ne."

Larai ta dafa katangar, shi kuma ya ci gaba.

"Ran Juma'a na sallami matan, na ce su je su huta. Tun hantsi har la'asar ni kaɗai ne da ita. Lokacin tana magana sarai. Na bar ƙofar ɗakin a buɗe, na yi ta duban giɓin nan."

Ya juya. Ta sauko da kwanon, ta ajiye gaban Godiya, ta buɗe. Farin ɗankwalin Tabita ne na zuwa majami'a, an ninke shi gida huɗu, gefunan daidai kamar an auna da rula. Godiya ta ɗauka ta kai hanci. Yana ƙamshin hayaƙi da man zaitun.

'Yar ta miƙa hannu ta kama gefensa tana ja, tana gwaranci, tana dariyarta ta mai haƙori biyu. Larai ta ɗaga kai. Ta giɓin katangar tana hango furfurar ƙeyar Mushe. Ya ba su baya, amma bai tafi ba.