Turmin Inna da Ajiyar Jama'a

Ba korar da aka yi musu daga gidan hayarsu na unguwar Bin Mahmud a Doha ce ta fi ƙona wa Wasilatu rai ba, ko da yake ita ma ta ƙona. Mai kula da gidan nan, wanda lokacin korona yake lallaɓa su kada su tashi saboda ɗakuna duk sun zama kango, shi ne yanzu ya tsaya a bakin ƙofa yana kaɗa hannu yana cewa kalas, magana ta ƙare, 'yan kallon ƙwallon duniya suna tafe, a ba shi mukulli kafin Nuwamba. Ko kunya babu a idonsa. Wannan ta haɗiye shi da ruwan sanyi. Abin da ya tsaya mata a maƙogwaro na cikin gida ne, wato mijinta Surajo.

Surajo ma'aikaci ne a ɗakin gwaje-gwaje na wata jami'a a Doha, mutumin kirki har kirkin ya yi masa yawa. Tun lokacin kulle, da aka tsare kowa a ɗaki, ya ɗauki wata sabuwar jaraba ta kallon karafan a waya, ɗan ɗakin nan mai tayoyi da mota ke ja zuwa cikin rairayi. Wasilatu tana yi masa dariya, tana cewa wanda bai taɓa kwana a gona ba shi ne zai kwana a hamada. To, ga shi dariya ta zama gaske. Hayar ɗaki a gari ta fi ƙarfin kowa, wani abokin aikinsa ɗan ƙasa kuwa ya ce su je su ajiye karafan a gonar mahaifinsa can arewa, bayan inda kwalta ta ƙare, akwai ruwa akwai wuta, su zauna har a gama ƙwallo a watse.

Ranar da suka je zaɓen karafan, a wani fili bayan unguwar Gharrafa inda ake sayar da na hannu, idon Wasilatu ya faɗa kan wani babba fari. Kai, abin ya yi kyau. Ga murhu mai baki biyu, ga wurin wanke-wanke, ga taga mai labule, mutum ya miƙe tsaye a ciki ba ya sunkuyawa. Har ta fara tsara inda za ta jera tukwanenta. Sai Surajo ya gyara murya, ya ja ta wajen tsohuwar jif ɗinsu, ya buɗe ƙofa ya nuna mata wani ɗan allon ƙarfe, ya fara karatu. Kowace mota, in ji shi, tana da iyakar abin da za ta ja, kuma ba nauyin karafan wofi ake dubawa ba, sai an haɗa da ruwan tanki da tukunyar gas da duk tarkacen da za a zuba. A kan kwalta mota tana iya yi maka kara, amma rairayi ba ya kara. Kaya masu nauyi kuma a ƙasa ake sa su, daidai kan tayoyi. Ba a taɓa jibga su a gaba wajen wuyan da ke maƙale da ƙugiyar mota, in ba haka ba bayan mota ya durƙusa. Ya faɗa, ya maimaita, har mai sayarwa yana gyaɗa kai yana cewa wannan ya san abin da yake yi.

Ta ji, ta yarda, don maganar gaskiya ce. Ta juya wa farin baya ranta yana so, suka ɗauki wani ƙarami mai manyan tayoyi, wanda in ka shiga sai ka yi ruku'u.

Daga nan aka shiga rage kaya, kuma a kan nata aka rage. Gadonta ya tafi. Kabad ɗin tangaran ya tafi. Manyan tukwanen taron suna da biki ta kai wa ƙawarta Rahmat a Madinat Khalifa, ta ce kyauta ce, don ta san ba gidan da zai sake ɗaukar su nan kusa. Duk abin da ta ɗaga sai Surajo ya auna shi da ido ya ce, "Wasila, nauyi." Ita kuma sai ta ajiye.

Abu ɗaya ta ce ko sama da ƙasa za su haɗu ba ta barin sa, shi ne turmin Inna, mahaifiyarta.

Turmin kirya ne, baƙi wuluk don tsufa, bakinsa ya yi sulɓi saboda hannu. Inna ta rasu a Funtua a tsakiyar korona, jirage a tsaye, iyakoki a rufe. A waya Wasilatu ta ji, a waya ta yi kuka, a waya aka yi mata gaisuwa, ba ta ga ko makarar ba. Da aka buɗe hanya, yayyenta suka tambaye ta me take so a cikin kayan tsohuwa, ta ce turmi. Aka yi ta mamaki, aka naɗe shi a buhu aka aiko. Ba ta ko daka a cikinsa sosai, maƙwabcinsu na ƙasa ba ya son ƙara. Wani lokaci dai takan sa hanci a bakinsa, har yanzu akwai ɗan ƙamshin daddawa da citta. Surajo ya san duk wannan. Shi da kansa ya ɗaure turmin a tsakiyar karafan, kan tayoyi, ya ce nan ne wurinsa.

Sai ajiya ta fara zuwa.

Ba su kaɗai aka tasa ba. Samarin gida masu gadi da tuƙi, da yawansu an kwashe su daga masaukinsu na cikin gari zuwa wasu ɗakuna a bayan gari inda mutum da jakarsa ɗaya ma da ƙyar. Labari kuwa ya bazu a masallaci cewa Malam Surajo ya sayi gida mai tafiya. Wanda ya fara sallama shi ne Sunusi, wani mai gadi ɗan garin su Surajo, da akwatin ƙarfe wanda sai da mutum biyu suka kama. Tsarabar gida ce yake tarawa, in ji shi, ɗan akwati ne kawai, a taimaka a ajiye masa amana. Surajo ya ce haba, ai ba komai. Wasilatu tana bayan labule tana jiran ta ji an ambaci nauyi. Ko da wasa bai ambata ba.

Bayan Sunusi sai ga wani da buhun dabino. Wani da talabijin a kwali. Wani da keken ɗinki da ya saya wa matarsa. Kowa da bakinsa ɗan abu ne kawai, kowa kuma amsarsa ɗaya, ai ba komai. Mutumin da ya hana ta tukunya saboda nauyi, shi ne yake tattare hannun riga yana taya su cusawa. Tsakiya ta cika, baya ya cika, sai aka koma gaba, wajen wuyan nan da ya yi mata wa'azi a kansa. Akwatin Sunusi can ya samu wuri.

Da suka keɓe ta tambaye shi ina karatun da ya yi mata a Gharrafa. Ya sosa ƙeya, ya ce ta yi haƙuri, yaya za a yi ɗan'uwa ya zo har ƙofa da amana a baƙon wuri ka ce masa a'a? Da wane ido za ka kalle shi ranar Juma'a? Za su tafi a hankali, Allah zai kiyaye. Ta dube shi sama da ƙasa. Inuwar giginya ke nan, na nesa ka sha. Ranta ya ɓaci ƙwarai, amma ta bar zancen, don ita ma tarbiyyar da aka yi mata ke nan, ba a mayar da mai ajiya.

Suka kama hanya da hantsi. Gari ya cika da tutoci, an liƙa hotunan 'yan ƙwallo a jikin dogayen gine-gine, baƙi suna yawo da gajeren wando suna ɗaukar hoto. Su kuwa masu gari na jiya suna fita da gidansu a baya, jif tana tafe hancinta a sama gindinta a ƙasa kamar akuyar da ake ja kasuwa. Duk motar da ta wuce sai karafan ya yi rawa. Wasilatu ta riƙe ƙofa tana salati.

Kwalta ta yi musu kara kamar yadda ya faɗa. Da suka sauka, Surajo ya tsaya ya rage iskar tayoyi, duk yadda ya gani a waya, suka ci gaba. Suna hango itatuwan gonar, a wani ɗan kwari mai laushi, jif ta yi nishi ta tsaya. Ya taka mai, tayoyin baya suka tona rami suka zauna a ciki. Ya sake takawa, suka ƙara nutsewa. Ya fito yana zagaye mota, gumi yana bin fuskarsa, yana cewa ƙaramin abu ne. Dabarar ita ce a cire karafan daga ƙugiya, a fitar da mota ita kaɗai, sannan a san yadda za a yi.

La'asar ta yi. Wasilatu ta ɗauki buta da dardumarta ta koma bayan wani tudun yashi, don ba ta son ganin abin da zai ƙara mata haushi.

Abin da ya faru a bayanta shi ne, wuyan karafan yana da 'yar ƙafa mai ƙaramar taya da ake saukewa ya tsaya a kai in an cire shi daga mota. Surajo ya sauke ta, ta lume cikin rairayi saboda nauyin da ke gaba. Dole a samu wani abu mai ƙarfi a tokare wuyan. Ya buɗe ƙofar karafan, akwatin ƙarfen Sunusi yana nan kusa da hannunsa, tsayinsa daidai, kuma ko giwa ta taka shi ba abin da zai yi. Ya kai hannu, ya janye. Kayan amana ne, in ya lotse fa? Sai ya tsallake shi, ya tsallake kwalin talabijin, ya kutsa can tsakiya ya kwance turmi.

Tana zaman tahiya ta ji ƙarar. Ba babbar ƙara ba ce, kamar an karya busasshen rake. Amma ta san ƙarar itace. Ta sallame, ko addu'a ba ta tsaya yi ba, ta zagayo.

Turmin yana kife a ƙarƙashin wuyan ƙarfe, ya rabe biyu tun daga gindi har baki. Cikinsa ja-ja, ba ta taɓa ganin wannan launin a jikinsa ba. Surajo yana tsaye da hannu a ka.

Ya fara magana da sauri. Bai zaci zai fashe ba, kirya ce, ya ɗauka za ta ɗauka. Minti kaɗan kawai yake buƙata. Zai sa a sassaƙo mata wani daga gida, wanda ya fi wannan girma.

Ta durƙusa ta jawo ɓari ɗaya, ta jawo ɗayan, ta kakkaɓe musu yashi da gefen mayafinta. Sannan ta leƙa cikin karafan, ta ga akwatin ƙarfe a bakin ƙofa, ta ga hanyar da ya bi ya tsallake shi. Nan ta gane komai.

"Malam," ta ce, "ga akwati a gabanka."

"Na Sunusi ne, Wasila. Amana ce."

"Nawa fa? Tsintar sa ka yi?"

 

Ta naɗe ɓarin biyu a dardumarta, ta buɗe gaban mota ta kwantar da su a kujerarta. Ta ɗaure mayafi a ƙugu, ta hau karafan. Buhun dabino ta fara jawowa, ta sauke shi a kan yashi. Ta koma ta rungumo talabijin, ta nemi wuri mai laushi ta ajiye, ta juya fuskar kwalin daga rana. Keken ɗinki ta sa masa tsumma a ƙasa kada yashi ya shiga. Surajo ya matso zai kama mata, ta ɗaga masa hannu, ya tsaya. Akwatin ƙarfen ne kawai ya gagare ta, ta tura shi da ƙafa da gwiwa har bakin ƙofa, ta zamo da shi a hankali a kan katifa. Ta jera kayan mutane reras a gefen hanya, ta lulluɓe su da tabarma, ta danne gefunan da duwatsu. Ko ƙwarzane babu a jikin ɗaya.

Da ta gama, wuyan karafan ya yi sauƙi har Surajo ya ɗaga shi da hannunsa. Jif ta fita daga rami, aka maƙala mata karafan, ta ja abinta ba ko nishi, daidai yadda ya lissafa a Gharrafa.

Ya tsaya yana kallon tarin kayan, wayarsa a hannu, yana tambayarta cikin ƙaramar murya me zai ce wa su Sunusi.

"Ka ce su zo su ɗauka, kayansu lafiya lau," in ji ta. "Ba abin da ya fashe sai na gida."

Ta buɗe ƙofar baya ta shiga ta zauna. Ya zo zai ɗauke dardumar daga kujerar gaba don ta dawo wurinta, ta ce ya bar ta nan. Haka ya tuƙa su har cikin gonar, Inna a gefensa.