Kofin da Ke Rataye a Ƙusa

"Ba zan sha ba," in ji Anti Dularie, ta kawar da kai daga cokalin.

Ƙanenta Harrilal ya yi tsaye da kofin tagulla, ganyen tulsi, ɗoɗɗoyar da suke tsarkakewa, na yawo a kan ruwan. Su 'yan asalin Indiya ba sa barin mutum ya cika sai ɗan'uwa ya ɗiga masa wannan ruwan a baki. Ni maƙwabciya ce, fifita kawai nake mata, amma kunnena bai taɓa zuwa hutu ba.

"Yaya, ki rufa mana asiri ki sha."

"A kira min Cuthbert."

Kowa a ƙauyenmu da ke ƙasar Guyana ya san zancen. Cuthbert kafinta ne, baƙar fata kamata. Yana saurayi ya nemi aurenta, amsar mahaifinta ita ce ya sa aka ba shi ruwa a tsohon kofin kwano da ke rataye a ƙusa ƙasan bene, na baƙaƙen leburori. Daga nan ba ta yi aure ba, shi ma haka. Kullum la'asar yana zuwa gyaran shingen da babu abin da ya same shi.

"Wannan mutumin ba zai taka benen Baba ba," in ji Harrilal.

"Kai Harri, tun yaushe Baba ya mutu, kuka ƙone gawarsa ta zama toka?" na ce. "Ko so kake ta tafi da ƙishi?"

Iska ta taso daga gonakin shinkafa, labule ya kumbura. Anti tana kallon rufi tana murmushi, tana cewa ga fararen balbelu can suna sauka. Numfashinta ya fara sarƙewa. Harrilal ya dube ta, ya dubi cokalin, sannan ya leƙa taga.

"Cuthbert! Hawo."

Ya hawo ba takalmi, hula a hannu. Harrilal ya miƙa masa kofin tagulla.

"Ba wannan ba," Anti ta ce. "Na ƙusa."

Ni na sauka na ɗauko, har da yanar gizo a ciki. Na wanke, aka juye ruwan.

"Kin tsufa, Dularie," in ji Cuthbert, yana kai kofin bakinta.

"Kai ka yi latti, malalaci."

Ta sha, ta lumshe ido, ba ta sake buɗewa ba. Wallahi na yi kuka.

Washegari da na shiga wanke-wanke, na tarar da kofin kwanon a kife cikin kofunan tagulla, yana ɗigar ruwa.