Su Wa Ke Sayen Ƙaramar?

Mai Waya ake kiransa, don da wayar wuta da soket ya fara kasuwa, ko da yake yanzu rabin shagonsa na'urorin wasan gem ne. Iri biyu kamfani ke kawo masa: babbar da ake jonawa da talabijin, da ƙaramar da ake riƙewa a hannu. Manyan suna nan jibge a saman kanta har kwalayensu sun fara koɗewa. Ƙananan kuwa ba sa kwana.

Wata safiya wakiliyar kamfanin ta zo, wata matashiya mai saurin baki. Ta ja kujera, ta buɗe kwamfutarta.

"Baba, ka hana mu sakat a ofis."

"Ni? Me na yi, 'yata?"

"A yankin gabas babbar ce ke tafiya. A yamma ma haka. Can bakin teku ko tambayar ƙaramar ba a yi. Yankinku kaɗai ya juya mana lissafi, kuma da muka bi sawu, a shagon nan muka tsaya. Su wa ke saye?"

Ya tuno tela, ya tuno wani direba, da ma'aikaciyar asibitin nan mai tabarau. Kowannensu idan ya zo sai ya ce aiko shi aka yi.

"Yara ne mana," ya ce.

"Da yara ne, da wasan ƙwallo da na faɗa sun ƙare. Ga su can ko taɓa su ba a yi ba. Wasan noma kawai ake saye."

"Noma? A cikin ɗan abin nan?"

"Ana shuka, ana kiwo, ana girbi."

"To idan an girbe, wa ke ci?"

Ta yi dariya, ta ce ya bincika mata kafin ta dawo. Ta tafi ta bar shi yana jujjuya kwali ɗaya a hannu kamar wanda aka ba wa ajiyar ƙwai.

Da rana ya rufe shago ya tafi kai wa mahaifiyarsa maganin hawan jini. A saman bene take zaune, ɗaki da falo, ko kaza ba ta da ita. Yana kan matakala ya jiyo muryarta.

"Ni dai shanuna biyu sun kwanta. Tun safe ba su ci ba."

"Ke ce ba kya ba su ruwa," in ji Goggo, ƙanwar marigayi babansa. "Ni jiya na sayar da kabewa na gina rumbu."

Ya tsaya a kan matakalar. Ruɗewar tsufa ce ta kama su, su biyu, a rana ɗaya? Ya yi sallama da sauri ya tura ƙofa. Tsofaffin suka zabura, kowacce ta cusa wani abu ƙarƙashin matashin kujera ta zauna a kai.

"Inna, waɗanne shanu?"

"Shanu kuma? Wa ya ce shanu?"

Daga ƙarƙashin Goggo sai saniya ta yi kuka.

Goggo ta gyara mayafi ta ce, "Cikina ne."

Inna ce ta gaji ta zaro tata. A layin asibiti abin ya samo asali, ta ce. Jikan wata mata ya bar mata tasa don ta rage zaman jira, ta miƙa wa ta kusa da ita, ta kusa ta miƙa gaba. Yanzu a layin masu hawan jini da na masu suga, har da mazan, kowa da gonarsa.

"Inna, a shagona kika saya?"

"Tela na aika. Da girmana zan shiga kasuwa in ce a ba ni gem? Kuma tsada gare ka, ban ga laifin masu zaginka ba."

Ya kira wakiliyar a waya ya faɗa mata. Ta ce, "Baba, maimaita." Ya maimaita. Ta ce ita ba ta san a wane gurbi za ta rubuta wannan ba, don masu saye a wurinsu daga yara sai matasa.

Bayan 'yan kwanaki aka kwantar da Inna don aikin ido. Kafin a shiga da ita ta damƙa masa na'urar.

"Ka ba su ruwa safe da yamma. Kada ka taɓa jar, tana da ciki."

Washegari a shago ya sa tabarau ya danna nan, ya danna can. Wani ɗan mutum mai hula ya fito a allon ya yi masa godiya, ya ja jar saniyar ya fita da ita. Mai Waya ya bi shi da dannawa, sai ya tsinci kansa a bakin kogi riƙe da ƙugiya.

Ya kira Goggo. "Goggo, idan mutum ya sayar da saniya bai sani ba, ana dawo da ita?"

"Wacce?"

"Jar."

Goggo ta yi salati. "Kai dai ka yi addu'a kada a cire mata bandeji da wuri."