Inda Mangwaron Yake a Da

Jemagun sun riga kowa zuwa unguwar. Da rana suna rataye kamar tsummoki a babban mangwaron da ke gidan malamar asibiti, da yamma su tashi su rufe sama. Mahaifiyarta, wadda kowa ke kira Inna, ido ya yi rauni, ƙafa ta daina ɗaukarta, sai aka jawo mata gado jikin taga. Da hayaniyar jemagun take sanin rana ta faɗi.

Mai wanki da guga, maƙwabcinsu, shi ya fara ƙorafi.

"Ranki ya daɗe, kashin nan ba ya fita a farin kaya. Ni nake wanki, su suke sa hannu. Ko su, ko ni."

Ita ma malamar warin ya ishe ta. Ta kira masu saran itace ranar da take aikin safe, don kada a yi a gabanta. Da ta dawo, an sare mangwaron, gidan ya yi haske fayau kamar gidan wasu. Cikin rassan da aka zube akwai 'ya'yan jemagu, ba su fi babban yatsa ba, suna buɗe baki babu sauti. Mai wankin ya kwashe su da shebur, bai yarda sun haɗa ido da malamar ba.

"Wa ya yaye mana rufi?" in ji Inna.

"Mangwaron aka ɗan rage, Inna."

Tsohuwar ta juya fuskarta bango.

Gari na wayewa jemagun suka dawo daga kiwo. Malamar ta tsaya da bokiti a hannu tana kallo. Suna kewaya sarari daidai inda bishiyar take, har mutum zai iya nuna inda kowane reshe yake a da. Wani ya miƙa ƙafa zai kama, ya kamo iska, ya sulmiyo, ya sake tashi. Kullum haka.

A makon ne Inna ta fara laluben takalmanta.

"Uwata, ki kai ni gida."

"Ai gida kike, Inna. Ga gadonki, ga tagarki."

"Na ji. Amma ki kai ni."

Jemagun suka yi ta raguwa har aka daina ganinsu. Mai wankin ya ce an gan su bayan tashar mota, bai dai je ya duba ba. Wata safiya ya ajiye mata dashen mangwaro a gwangwani bakin ƙofa, ya koma kan gugarsa.

Inna ba ta kai damina ba. Ta rasu da takalmi ɗaya a ƙafa.

Malamar ta dasa mangwaron can jikin katanga, ya kama. Tsakiyar gidan ta bar shi fili. Idan za ta wuce zuwa famfo, takan sunkuyar da kai inda wani reshe yake a da, ko da yake ba komai a samanta. Ranar da ƙanwarta ta zo kwashe kayan Inna, malamar ta ga ita ma ta sunkuya a wurin.