Faso a Bangon Lakwal

Ranar da motar silima ta shigo Dakoro, Mijinyawa mai jan ruwa bai bar kowa ya huta ba. Gida-gida ya bi yana gayyata, har makiyayan Azagor da ke shayarwa a rijiyarsa sai da ya tsare su. Bara ne wasu samari daga Yamai suka ɗauke shi hoto yana kora takarkarinsa, igiya na fitowa daga rijiya mai zurfin tsiya. Sun ce duk ƙasar Nijar za ta gan shi.

Ɗansa Badaru, mushen lakwal, wato malamin makaranta, shi aka ba lasifika ya riƙa juya Faransancin silimar zuwa Hausa.

Bayan magariba aka haska bangon lakwal. Sai ga takarkari, sai ga guga, sai ga ƙafafun Mijinyawa cike da bango, faso ya tsattsaga su. Mata suka rangaɗa guɗa. Muryar cikin silimar kuwa cewa take: ku dubi duhun kan da sabuwar ƙasa za ta kawar, mutum da dabba ba bambanci.

Badaru ya dubi taron. Wayyo, ga tsoho can gaba cikin rigarsa ta Salla, baki har kunne, yana zungurar na kusa da shi! Shekara nawa ƙafafun nan suna ciyar da shi lakwal?

Ya ɗaga lasifika ya ce, "Jama'a, cewa yake: ga namijin duniya, wanda ya shayar da gari ba gajiya."

Wuri ya kaure da sowa. Daga nan Badaru ya saki baki, silima na zagi, shi yana kirari, har aka nuno famfo mai ƙyalli aka kashe fitila. Haushi da kunya suka cika shi, ya rasa wanda ya fi.

Badaru da mahaifinsa suka kama hanyar gida. Sai da suka kai ƙofar zaure tsohon ya tsaya.

"Mushe, Allah ya yi maka albarka, ka iya magana."

"Abin da suka faɗa ne, Baba."

"Haba dai. Ban jin Faransanci, amma ina da ido. Tun farko har ƙarshe ina jiran in ga fuskata. Mai yabon mutum ba ƙafarsa yake kallo ba."