Sifana Mai Lamba Ɗari da Talatin

Sai da Mahmudu da Hubert mai gadi suka kama ta su biyu, ɗaya a kai ɗaya a gindi, kafin sifanar ta yarda ta hau amalanke. Tsawonta ya kai kafaɗar Mahmudu, bakinta kuwa kan mutum zai shiga ya fito bai taɓa ƙarfe ba. An ƙero ta ne don kwance noti guda tak, na farfelar jirgin ruwa na dakon kaya, kuma rabon da jirgi irin wannan ya tsaya a gaɓar Garwa shekara tara ke nan.

"Shef, ka tabbata mahaucin nan zai karɓa?" in ji Hubert yana haki. Shef yake ce wa Mahmudu, wato shugaba.

"Zai karɓa. Kunyata yake ji."

Shekara ashirin da shida Mahmudu yana riƙe da ma'ajiyar kayan aiki ta wani kamfanin jiragen ruwa, har sunan aikin ya bi shi, kowa a gari Magazinye yake ce masa. A bangon ma'ajiyar an zana siffar kowane ƙarfe da jan fenti, don in an ɗauki abu a gane gurbinsa. Kullum da safe yakan sauke su ɗaya bayan ɗaya, ya goge da tsumman mai, ya mayar da kowanne kan zanensa. Tun da aka datse kogin a Lagdo jirage suka yi ta raguwa, ma'aikata ma suka bi sahu, har ya rage daga shi sai Hubert sai ƙarafa talatin da ɗaya da ba mai tambayar su.

Jiya takarda ta zo cewa wata mata daga babban ofis na Duwala za ta duba wurin yau da ƙarfe biyu. Shekarar ce kuɗin sefa ya faɗi, ko'ina ka juya maganar rage ma'aikata ake yi. Saura wa Mahmudu shekara biyu ya yi ritaya, in aka rufe ma'ajiyar yanzu ya tashi a tutar babu. Hubert yana da suruki a Duwala, saboda haka a wurin nan shi ne masanin abin da Duwala ke tunani.

"Bango take kallo," ya ce. "In ta ga ƙarfe a rataye, sai ta rubuta ba a aiki da shi, ta sa kwaɗo. Amma in ta ga gurbi ba kowa, ta san aiki na tafiya."

Mahmudu ya kwana da maganar, ya tashi ya ga ba ta da makusa. Abin da ya rage kawai shi ne a samo wa ƙarafan aikin yi kafin azahar.

Brahim mahauci yana tsakiyar saran ƙafar saniya lokacin da amalanken ya tsaya a gaban teburinsa. Ya dubi sifanar daga sama har ƙasa.

"Baba Magazinye, me zan yi da wannan? Ni fa saniya nake yankawa, ba giwa ba."

"Ƙashi za ka fasa da ita. Aro ne, zuwa la'asar."

Don kunya Brahim ya ɗaga ta da hannu biyu, jijiyar wuyansa ta fito, ya sake ta a kan ƙashin. Ƙashi ya rabe biyu. Kututturen da ke ƙarƙashinsa, wanda Brahim ya gada daga ubansa, shi ma ya rabe biyu. Mahautan da ke kusa suka bar abin da suke yi suka matso. Brahim ya daɗe yana kallon ɓarnar, sannan ya ce a miƙo masa wata ƙafar.

A gindin gada Delphine ce ke gasa giwan ruwa. Mahmudu ya sauke mata awartakin da ake riƙe sarƙar jirgi da shi, tsawonsa kamar taɓarya. Ta tsaya can nesa da wuta, ta kama kifi sukutum ta juya shi, ko hayaƙi bai iso fuskarta ba.

"Papa, ina ka ɓoye wannan duk shekarun da hayaƙi yake cin idona?"

"A bango," in ji Mahmudu. Bai ga abin dariya a amsar ba, ita kuwa har da riƙe ciki.

Wanda ya fi ba shi wuya shi ne jak ɗin ɗaga jirgi. Mutum huɗu suka shigar da shi gidan Dada Aisatu, tsohuwar da ke matsar man gyaɗa a bayan kasuwa. Ta yi ta faɗa da Fillanci cewa za a rushe mata zaure. Mahmudu ya shiga aikinsa. Ya zuba ƙullin gyaɗar a buhu, ya sa a cikin rabin duro mai huji, ya ɗora katako, ya kafa jak ɗin a kai, kan jak ɗin ya tokari simintin rufin zauren. Sau uku ya murza hannun. Mai ya fara zuba kamar an buɗe famfo, abin da 'ya'yanta mata ke yini suna murza da hannu ya fito kafin ta gama faɗan.

Haka ya yi ta zagaya gari. Sukudireba ya zama sakatar ƙofar wani masallaci. Babbar guduma ta tafi wurin masu fasa dutse, su kaɗai ne ba su tambayi me za a yi da ita ba. Akwai wani ƙarfe mai ƙugiya uku da shi kansa Mahmudu bai taɓa sanin aikinsa ba, mai shayi ya karɓa ya rataye kofuna.

Ƙarfe ɗaya da rabi ya dawo, rigarsa sharkaf da gumi. Ya tsaya a gaban bangon, babu komai sai jajayen zane. Bai taɓa ganin sa haka ba, sai ya ji kamar ya shiga gida ya tarar iyali sun yi ƙaura. Hubert kuwa murna yake yi.

"Ka ga wuri ya zama wurin aiki, Shef."

Madam Clémentine ta iso a tasi, 'yar gajeruwa mai tabarau, riƙe da jakar takardu. Ta gaishe su da Faransanci, ta ƙi zama, ta shiga ma'ajiyar. Kamar yadda Hubert ya faɗa, bango ta fara kallo. Hubert ya taɓa Mahmudu da gwiwar hannu.

"Mesiye Mahmudu, ina kayan?"

"Duk suna bakin aiki, Madam."

Ta leƙa ta taga. A inda jirage kan tsaya yashi ne shimfiɗe, shanu na kwance a kai, can gaba wasu samari suna wanke babura a ɗan ruwan da ya rage.

"A wane jirgi?"

Mahmudu mutum ne da bai iya ƙarya mai hawa biyu ba. Ta farko ma aro ya yi daga Hubert. Ya gyara hula, ya faɗa mata komai tiryan-tiryan: mahauci, mai kifi, man gyaɗa, har kofunan mai shayi. Tana saurare ba ta katse shi ba. Da ya gama ta cire tabarau ta murza idonta, sai yanzu ta nemi kujera.

"Takarda biyu na zo da su," ta ce. Ta fito da su ta ajiye a kan teburi. "Wannan ta ma'ajiyar da ke da kaya ce. Dukiyar kamfani ba a barin ta ba mai tsaro, don haka magazinye yana nan a kan aikinsa har sai an yanke abin da za a yi da kayan. A Duwala kuwa ba a yanke irin wannan abu da wuri. Wannan ɗayar ta ma'ajiyar da ba komai a ciki ce: a rufe ta, a sallami ma'aikata."

Hubert ya tuna yana da abin dubawa a bakin ƙofa, ya fita.

"Madam, ki ba ni awa ɗaya," in ji Mahmudu. "Wallahi duk zan dawo da su. Ko noti bai ɓata ba."

"Na yarda da kai. Amma direban tasi ya ga bangon, mai gadinka ya gani, rabin kasuwa sun ga ka fita da su. In na rubuta akwai kaya, gobe wani ya kai labari, za a tambayi wa ya ba ka izinin raba dukiyar kamfani a gari. Wannan tambayar jandarma ne ke yin ta, ba ni ba." Ta mayar da tabarau idonta. "In na rubuta babu komai, ba wanda zai tambaya. Takardar da ke da sunayen kayan nan ta ɓata tun kafin a ɗauke ni aiki."

"To ƙarafan fa?"

"Waɗanne ƙarafa, Mesiye Mahmudu?"

Ta cike takarda ta biyu, ta juya masa ya sa hannu. Ta karɓi mabuɗi, ta ce ta yi baƙin ciki, kuma daga ganin fuskarta da gaske take. Dole ta kama motar Ngaundere don kada jirgin ƙasa ya bar ta.

Bayan la'asar Mahmudu ya bi ta kasuwa, don bai shirya isa gida ya faɗa wa matarsa ba. Baƙin ciki ya cika masa ƙirji, ga haushin kansa, wanda ya fi baƙin cikin zafi. Brahim ya hango shi ya fara goge sifanar da gefen riga, yana yi yana jan jiki.

"Baba, lokaci ya yi ko? Da ma za ka bar min ita zuwa jibi."

"Ajiye ta."

"Har yaushe?"

"Ajiye dai. Kada ka bar jini ya kwana a bakinta."

A ƙofar gidan Dada Aisatu ya ji wani ƙara mai tayar da tsigar jiki, ƙarfe na cin ƙarfe. Ya yi niyyar wucewa, ƙafarsa ta ƙi. Ya yi sallama ya shiga zaure, ya tarar jak ɗin ya cije, mata biyu sun rataya a hannunsa suna ja, tsohuwar kuma tana tsiyaya masa man gyaɗa a haƙora.

"Subhanallahi! Dada, wa ya ce ki ba shi man gyaɗa? Ku sake shi, za ku karya min shi!"

"To ba mai ba ne? Kai da ka kawo abu ka tafi ba bayani."

Ya tattare riga ya durƙusa. Ya warware hannun a hankali, ya kankare ƙullin da ya toshe haƙoran da tsinke, ya aika aka samo baƙin mai a wurin mai gyaran babur. Ya fi rabin awa a kai. Da ya murza, jak ɗin ya hau sumul, mai ya ci gaba da zuba a kwano.

Dada Aisatu ta tsaya a kansa, hannu a ƙugu.

"Mahmudu, wannan abin naka ba zai zauna da mu lafiya ba sai da kai. Gobe buhu huɗu za mu matse. In ka tashi daga wurin aiki ka biyo."

Ya miƙe, ya goge yatsunsa ɗaya bayan ɗaya.

"Da safe zan zo," ya ce. "Bakwai da rabi nake fara aiki. Kada kowa ya taɓa shi kafin na iso."