Minti Ashirin a Kan Taga

Shekara goma sha ɗaya ina shara a ƙaramin asibitin nan, kuma ni ke wanke kwalaben gwajin jini. Ba wanda ya koya mini aikin likita, amma mai wanke kwalba ta san jini. Na lafiyayye daskarewa yake yi, sai ka sa buroshi kana dirza kana tsaki.

Ranar, wajen ƙarfe goma na safe, ina goge baranda sai ga Auta, ƙanena, yana ɗingishi yana dariya, siminti har gira. Bulo yake bugawa a fili bayan gidansu. Matarsa ce ta koro shi, ta ce ba zai ci abincinta ba sai ya nuna ƙafar a asibiti.

"Yaya, maciji ne ya ɗan taɓa ni," ya ce. "Na ɗaga bulo, ashe yana ƙasa."

"Wane iri?"

"Iri kuma? Shinkafa ce? Maciji dai."

Abin da ke ruɗin Auta shi ne sau biyu maciji yana saran sa a baya, bai ko kwanta ba. Tun daga nan yake cika baki, wai jininsa ɗaci gare shi. Na ja hannunsa zuwa ɗakin mai gwajin jini, wani siririn dattijo da ba ya son hayaniya. Ya duba idon sawun, ya tambayi tsawon abin da launinsa.

"Gajere ne, Malam, bai kai hannuna ba. Kalar ƙasa, da fararen ɗigo a baya. Ya nannaɗe yana goga jikinsa, yana ƙara kamar ruwa ya zuba a mai mai zafi."

Malam ya ajiye biro. "Kububuwa ce," ya ce. "Maciji sunan gidansu ne duka. A cikinsu akwai mai cin ɓera a sito, wanda in ya sare ka iyakarsa kumburin kwana biyu. Ina jin irinsu ka gamu da su a da. Wannan ba ta kayar da mutum nan take. Jini take hana wa daskarewa, kana tafiya kana raha tana aikinta."

Ya ɗebi jinin Auta a kwalba ya ajiye a kan taga, ya ce a ba shi minti ashirin. In ya daskare, da sauƙi. In bai daskare ba, za a buɗe firij a yi masa allurar dafi, wadda kwalba uku kacal ta rage. Ya leƙa ya ce wa maigadi kada ya bar mutumin nan ya fita.

Ko minti goma ba a yi ba direban tifar da ke kai masa bulo ya fara danna hon a waje. An riga an loda bulo, mai gini yana jira. Auta ya lallaɓo ya same ni a lungun da nake ajiye bokitai, ya ce in buɗe masa ƙofar baya da nake fitar da shara. Na ce ba zan buɗe ba. Ya roƙa, na ƙi. Sai ya ɗaga murya yadda masu jiran layi za su ji.

"Ku ji mini likitar tsintsiya. Don kina wanke kwalba shi ke nan kin zama dakta?"

Layin ya kwashe da dariya, har wata mai goyo tana riƙe ciki. Ni kuwa ina da zuciya, kowa a gidanmu ya sani, shi ya fi kowa sani. Ni na goya yaron nan, ni na wanke masa kashi, yau shi ke tozarta ni gaban mutane. Na zaro makulli na buɗe ƙofar.

"Fita," na ce. "Ka je ka mutu a kan bulonka."

Ya fita yana cewa zai sayo mini lemo in huce.

Da lokaci ya cika Malam ya ɗauki kwalbar ya karkata ta. Jinin ya gangaro kamar ruwa. Ya ce a kira mutumin, aka duba benci babu shi. Na yar da tsintsiya na fita. Wayar Auta tana ta ringi ba a ɗauka. Matarsa ba ta san ko wane gini ne ba. Na hau babur, na je gini huɗu ina tambayar leburori ko sun ga tifar bulo, ina zaginsa a raina ina roƙon Allah.

Sai kusan ƙarfe huɗu na same shi, a wani kango a ƙarshen gari. Ƙafar ta kumbura har gwiwa, abokan aikinsa suka tausaya masa, ɗaya ya kawo sabuwar reza ya tsattsaga wurin don dafin ya fita. Da zuciya ɗaya suka yi. Sun ɗaure da riga, sun ƙara da buhun siminti, duk ya jiƙe da jini. Haƙoransa ma sun yi ja.

Muka ɗora shi a bayan tifa, kansa a cinyata. Ba dariya yanzu. Ya dube ni ya ce, "Yaya, ya ƙi tsayawa." Na ce zai tsaya. Ƙarya nake yi, kuma ina jin ya sani.

An yi masa allurar, duka ukun. Washegari da hantsi ya cika.

Maigadi aka kora, wai ya yi sakaci da ƙofa. Ya yi ta rantsuwa bai ga fitar kowa ba, ina tsaye da bokiti ban ce uffan ba. Tsoro na ji, da kunya, har yau su nake ji.

Matar Auta ta dawo gidana da 'ya'yansu biyu, muna ci a kwano ɗaya. Duk baƙon da ya zo sai ta ba shi labarin yadda na zaga gari a kan babur ina neman mijinta. Jiya ma ta riƙe hannuna ta ce, "Yaya, da kin gan shi zai fita, na san da ba ki bar shi ba."